Kwatano da Lome, Kamar Yadda Na Zauna a Cikinsu

A 2016 na sauka Kwatano wajen kawuna mai harkar motoci. Da asuba ya tarbe ni a tashar Jonke, ya ɗora ni bayan wani ɗan acaɓa mai rigar ruwan ɗorawa, irin waɗanda suke kira zemijan. Ba mu yi nisa ba mai babur ya tsaya gaban wata mata, ta juye masa fetur daga kwalba. Kawu ya taɓa ni ya ce, "Ka ga wannan? Payo ke nan, man Najeriya. Da shi garin nan yake numfashi."

Ban gane nauyin maganar ba sai daga baya.

Kwatano gari ne na nema. A lokacin, idan jirgin ruwa ya sauke motoci aka kai su filayen Sekanji, kafin la'asar yaro irina ya haɗa jika goma ta sefa daga la'ada kawai. A Zango kuwa sai ka rantse Fagge kake: ga mai shayi, ga mai tsire, ga 'yan canji, Hausa ta ko'ina. Amma kuɗin ba ya kwana. Haya ta ci, zazzaɓin sauro ya ci, hayaƙin babura ya bi ka har kan tabarma. Garin kwance yake tsakanin teku da tafkin Nokuwe, don haka da damina sai mun naɗe wando kafin mu isa masallaci.

Abin da ya fi burge ni shi ne bakin mutane. A majalisar mai shayi za a yi wa shugaban ƙasa tatas da rana tsaka, ba mai waiwaye. Suna alfahari da taron ƙasa na 1990, da yadda Shugaba Kereku ya faɗi zaɓe a 1991 ya sauka lami lafiya. Ko da yake a gabana wannan alfahari ya rage kaifi, lokacin zaɓen 'yan majalisa na Afrilun 2019 da aka yi babu jam'iyyun adawa, aka kuma yanke intanet.

Sai Najeriya ta yi atishawa. A Janairun 2017 ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, a Agustan 2019 ta rufe iyakokin. Na ga dillalan da ke yanka rago duk Juma'a suna cin bashin shinkafa. Wata rana bayan isha'i Kawu ya ce, "Ɗana, tattara ka tafi Lome. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne."

Tafiyar ba ta wuce kilomita 150 ba, ta Hilakonji. Kuɗin ɗaya ne, Faransancin ɗaya ne, tekun ma ɗaya. Amma daren farko a Lome na yi barcin da na manta da irinsa. Na kama ɗaki a Zangon Agowe, can arewacin gari, inda aka mayar da mutanenmu bayan rushe tsohon Zango a 1977. Haya da sauƙi, abinci da sauƙi. Shi ma Zangon yana shan ruwa da damina, kada in yi masa ƙarya. A babbar kasuwa na koma dillancin atamfa, wajen 'ya'ya da jikokin matan nan da ake kira Nana Benz. Ciniki a hankali, riba kaɗan, amma tana zuwa.

Sai dai a satina na farko na yi kuskure. A majalisa na ɗauko hirar siyasa da murya irin ta Kwatano, ina lissafin cewa Eyadema ya hau mulki a 1967, ya rasu a 2005, ɗansa ya ɗora. Wuri ya yi tsit. Wani dattijo ya miƙo mini kofi ya ce, "Malam, sha shayinka kada ya huce." Daga ranar na koyi rage murya.

Lokacin korona gwamnatin Togo ta riƙa tura wa talakawa tallafi ta waya, shirin Novissi. Maƙwabciyata mai ƙosai ta samu, ni ban samu ba, don sai da katin zaɓe. Ban ji haushi ba. Ta riƙa ƙara mini ƙosai biyu.

Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da gadar Malanbil da ke kan iyakar Nijar ta rufe, manyan motocin da na saba gani a Kwatano sai ga su jere a hanyar tashar jirgin ruwan Lome. Kawu da kansa ya bugo waya yana tambayar kuɗin haya a unguwarmu.

Masu tambayata wane gari ya fi daɗin zama, abin da nake ce musu shi ne: saurayi mai jini a jika ya je Kwatano, mai iyali ya zo Lome. Matata da yarana uku suna Agowe. Ni kuwa ba na cika wata biyu ban bi ta Hilakonji ba.