Hoton Kaka a Cikin Hunturu

Kafin wayar hannu ta zo, hoto ba abin banza ba ne. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an kai shi Katsina ko Kano an wanke.

Ina aji biyu na sakandare Kawu ya tafi da ni daga Batsari zuwa Safana a kan babur, a cikin watan Janairu. Kakarmu ba ta taɓa yin hoto ba, ga shi jiki ya yi rauni. Mun fita bayan asuba, hazo ya rufe gonakin rogo, ta yamma kuma ko itatuwan Dajin Rugu ba a hange. A lokacin ba a fargabar hanyar nan irin ta yau. Iskar ɗari kaɗai ke yankar fuska.

Da muka isa, aka zaunar da Kaka kan tabarma, ta yafa sabon zane. Kawu ya danna, shiru. Kyamararsa Canon AE-1 ce, wadda ba ta buɗe ido sai da batir, kuma ta sha iska tun daga Batsari.

"Kawu, ta lalace ne?"

"A'a, sanyi take ji. Riƙe wannan a hammata."

Ya miƙo mini ɗan batirin. Ashe wutar batir daga haɗuwar sinadarai take fitowa, sanyi kuwa yana rage musu hanzari. Sanyinmu bai kai na Rasha ba, sabon batir zai jure shi, amma wanda ya tsufa nan yake tona asirin kansa. Shi ya sa wasu masu hoto suka fi son Pentax K1000, wadda batirinta na awon haske ne kawai.

Can Kawu ya karɓa ya mayar, sai muka ji ƙaras! Ya ja fim a hankali, don busasshiyar iska na haddasa ɗan tartsatsin da ke zana layi a jikin fim idan an yi gaggawa. Sannan ya cusa kyamarar cikin riga saboda ƙura.

Sau uku ya ɗauka. Biyu Kaka ta rufe ido. Na ukun yana rataye a ɗakin Inna, Kaka kuwa ba ta ga damina ba.