Kafin a sayi tayil, a duba rufi

'Yan'uwa, tunda littafin rancen ƙungiya a hannuna yake, ina ganin abin da mutanenmu na Kujama ke karɓar kuɗi dominsa. Bayan kuɗin makaranta, gyaran gida ne ya fi yawa. Abin da ke damuna shi ne takardar lissafin da ake kawowa: tayil, fenti, silin na POP, ƙofar ƙarfe mai ado. Rufi kuwa sai a ƙarshe, wani lokaci ma babu shi sam.

Waɗanda suka zauna Legas ko Fatakwal sun san yadda iskar teku mai gishiri ke cin kwano da rodi har su yi tsatsa. Mu nan ba mu da gishiri, amma muna da abubuwa uku da ke cin gida: ruwan sama daga Afrilu har Oktoba, guguwar farkon damina da ke yaye rufi, da kuma gara. Duk wanda ya zuba POP a ƙarƙashin kwano mai yoyo, ruwan Agusta zai nuna masa tabo, daga nan silin ya fara zubowa.

Saboda haka ni a ganina kaso mafi girma na kuɗin rufi zai tafi. In za ka sayi kwanon alminiyom, ka tambayi kaurinsa, don akwai 0.45 akwai 0.55, kuma akwai wanda bai kai abin da aka rubuta a rasit ba. Ka je da kafintanka, a auna a gabanka. Katako ma haka: ɗanyen katako yana lanƙwashewa in ya bushe, ƙusa ta saki. A sayi busasshe, a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora, ba bayan an rufe ba. Wasu na amfani da baƙin mai saboda araha. Yana taimakawa, amma ba ya kai maganin gaske daɗewa. Sannan a ɗaure katakon da jikin gini da ƙarfe ko rodi. Yawancin rufin da iska ke ɗauka, ɗora su kawai aka yi a kan bulo.

Na biyu ƙasan bango. In ka ga fenti na ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, danshi ne ke hawa, kuma sabon fenti ba zai hana shi ba. A gyara magudana ruwa ya bar gindin gini, a zuba daɓen siminti kewaye da gidan.

Batun kuɗi kuma, kowa ya tuna farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu wurare, har gwamnati ta zauna da kamfanonin siminti a Fabrairu aka yi maganar 7,000 zuwa 8,000. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin tifar yashi da dakon kaya daga Panteka ko Sabon Tasha ya zama abin sakawa a lissafi, amma mutane na mantawa da shi. Kwano da rodi ana iya saye a ajiye da zarar kuɗi ya samu. Siminti kam a'a, in ya sha danshi ya daskare, asara ce.

Ni dai ina ba mai karɓar rance shawara ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma ya ajiye, domin sai an yaye tsohon kwano ake ganin abin da gara ta yi. Kuma kada a biya magini kuɗin aiki duka lokaci guda. Wanda ke son gyara bana, ya kawo takardarsa tun Nuwamba, a yi aikin da rani kafin hadarin Afrilu ya taso.