Kafin Carlsen, ku fara duba wasan tsaranku

Samarinmu masu buga ces a Jimeta da Yola, musamman ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da na AUN, ina da magana da ku.

Tun da Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana wasa a dandalin Times Square na Amurka a Afrilun 2024, na lura sha'awar wasan ta ƙaru, kuma na ji daɗi. Abin da ke damuna shi ne inda kuke zuba datarku. Kowa Magnus Carlsen yake kallo, mutumin da makinsa ya kai 2882 a 2014. Kai kuma makinka a Lichess bai wuce 1500 ba. Me ya haɗa ku? Carlsen kan ci wasa da ɗan rinjayen da ko an nuna maka da yatsa ba za ka gani ba. Naka wasan yakan mutu ne tun tafiya ta goma sha biyar, don ka bar doki ba mai gadi, ko ka fito da sarauniya da wuri an yi ta korarta.

Irin wannan ɓarna ba a samun ta a wasan gwanaye. A wasan tsaranka take. Ɗauki wasan 'yan koyo biyu da suka kara a gasa, ka bi shi tafiya-tafiya, ka rufe ta gaba, ka tambayi kanka me za ka yi a nan. Sai ka gama naka tunanin kafin ka buɗe injin Stockfish. Wanda ya fara tambayar injin, amsa kawai ya haddace.

Amma fa sai an rubuta ake bita. Dokar hukumar ces ta duniya, FIDE, ta wajabta wa ɗan wasa rubuta kowace tafiya a gasar dogon lokaci, mu kuwa ana kashe sarki sai a watsa 'ya'yan a sake jerawa, kamar masu dara a gindin darbejiya. Abin da ba a adana ba ɓacewa yake yi: maƙwabtanmu na Borno sun taɓa yin nasu ces ɗin a fada, tsatsarandi, yau da wuya ka sami mai iya shi.

Littafin rubutu na 'yan firamare ya isa. Duk wanda zai zauna wasa a wannan Asabar ɗin, don Allah ya tafi da biro, in an tashi ya turo mana wasan da aka cinye shi mu duba tare.