Daga Ikko Zuwa Badun: Yadda Baƙo Zai Haɗa Jirgin Ƙasa Da Mota

Duk mutumin Arewa da ya taɓa kwana a kan hanyar Ikko zuwa Badun saboda wata tanka da ta faɗi ta tare titi, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani game da amfanin jirgin ƙasa. Wannan babbar hanya, wadda aka buɗe a 1978, tsawonta bai wuce kilomita 127 ba, amma sau da yawa takan cinye wa mutum yini guda cur. Tun daga watan Yuni na 2021, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabon layin dogo tsakanin biranen nan biyu, matafiyi ya sami zaɓi. Sai dai jirgi ba ya kai mutum ƙofar gida, kuma inda ya ajiye shi, nan ne wahalar baƙo take somawa idan bai san kan garin ba.

Dogo dai ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun 1901 Turawa suka kai shi Badun daga Ikko, kuma kafin 1912 ta ƙare ana iya tashi daga bakin teku a sauka Kano. Shi ne ya yi ta jigilar goro zuwa Arewa, yana dawowa da shanu da gyaɗa, kuma albarkacinsa unguwannin Hausawa irin su Agege da Sabon Badun suka bunƙasa. Wancan tsohon layi siriri ne. Sabon ya fi shi faɗi, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi, tsawonsa kilomita 157, kuma Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ce take gudanar da shi. Tafiyar takan ɗauki awa biyu da rabi ko fiye da haka kaɗan.

Abu na farko da yake rikita baƙo shi ne sunayen tashoshi. An raɗa musu sunayen manyan mutane, alhali kuwa direban tasi ko ɗan acaɓa sunan unguwa ya sani. Babbar tashar Ikko ana kiranta Mobolaji Johnson, tana Ebute Metta, kusa da Yaba. Ta Agege sunanta Babatunde Fashola. Ta Abekuta kuwa Wole Soyinka, sannan a Badun akwai guda biyu, wato Ladoke Akintola a Omi-Adio da Obafemi Awolowo a Moniya, inda jirgin yake tuƙewa. Wanda ya ce wa direba ya kai shi tashar Awolowo yana iya tsintar kansa a wani wuri dabam, gama abubuwan da suke ɗauke da wannan suna a ƙasar Yarabawa ba su ƙirguwa. Ya ce Moniya, magana ta ƙare.

Ga wanda ya sauka a Agege ko Ikeja ko Abule Egba, babu dalilin da zai sa ya kutsa cikin gari har Ebute Metta. Jirgin yana tsayawa a Agege, sai dai tsayawar ba ta da tsawo, saboda haka mai kaya da yawa ya tsaya kusa da inda taragonsa zai tsaya tun kafin a ji ƙarar jirgi. Jirage suna tashi da safe da kuma yamma, amma jadawalin yakan canja, musamman a ƙarshen mako da lokutan bukukuwa, don haka a bincika tun ana gobe tafiya. Abin da ya kamata a riƙe shi ne jirgi ba motar tasha ba ne. Ba ya jiran lodi, ba ya jiran alhaji ya idar da ciniki. Idan lokaci ya yi sai ya ɗaga, a bar mutum da tikiti a hannu.

Tun ƙarshen 2023 aka koma sayar da tikiti ta intanet. Mai babbar waya zai iya saye daga gida ya zaɓi kujerarsa, wanda kuwa bai iya ba sai ya sa ɗansa ko wani amintacce ya yi masa, ko ya isa tasha da wuri. Sunan da yake kan tikiti ya dace da na katin shaida, kuma katin ya kasance a aljihu. Kujeru kashi uku ne, daga faskila har zuwa na gama-gari, kuma a gaskiya bambancinsu a faɗin wurin zama ne kawai, domin duka akwai na'urar sanyaya wuri, kuma lokaci ɗaya za a isa. Duk wanda ya tari mutum a bakin ƙofa ya ce tikiti ya ƙare amma yana da guda ɗaya a ajiye, a wuce shi. Batun kuɗin tikiti da na mota kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 babu farashin da ya zauna wuri ɗaya, saboda haka a riƙe guzuri fiye da yadda aka ƙiyasta.

Inda za a sauka a Badun, nan ne ake yawan yin kuskure. Badun gari ne mai faɗin gaske, kuma tashoshin biyu duk a bayan gari suke, ɗaya kudu maso yamma, ɗaya arewa. Mai zuwa Apata ko Challenge ko Dugbe gara ya sauka Omi-Adio. Idan ya zarce Moniya, sai ya biya kuɗin mota mai yawa ya komo baya, ya ratsa gari da cunkosonsa. Moniya kuwa ita ce ta dace da fatake da masu wucewa Arewa. Tana kan hanyar Oyo, kusa da kasuwar shanu ta Akinyele, kuma ba ta da nisa da Sasa da Ojoo. Mai zuwa Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, sai ya nemi motar Mokola, daga nan ya kusa. Ƙananan tasi ƙirar Micra su ne jakunan garin. Sukan cusa mutum biyu a kujerar gaba, wanda bai yarda da matsi ba sai ya biya kuɗin mutum biyu. A daidaita farashi kafin a sa kaya a but, ba bayan an isa ba.

Daga Badun zuwa gaba, sai mota. Har yanzu sabon dogo bai haɗa Badun da Abuja ko Kaduna ba, kuma tsohon jirgin Ikko zuwa Kano, wanda aka farfaɗo da shi a 2012, ba abin da matafiyi zai ɗora lissafinsa a kai ba ne. Wannan babban giɓi ne, kuma talakawa masu kai-komo tsakanin Kudu da Arewa su ne suke ɗanɗana kuɗarsa. Tashoshin mota a Badun sun rabu bisa ga inda hanya ta nufa. Ojoo ita ce ta masu zuwa Oyo, Ogbomosho, Ilori, har su haye Kwara a Jaba su kama Mokwa. Iwo Road ita ce ta masu zuwa Oshogbo, Ile-Ife, Akure, da waɗanda za su bi ta Okene da Lakwaja zuwa Abuja. Challenge kuwa ta masu komawa Ikko ce. Wanda zai yi doguwar tafiya ya hau jirgin safe, domin ya riski motocin rana. Jirgin yamma yakan iso Moniya bayan magariba, kuma baƙon da ba shi da mai tarbarsa a wannan lokaci ya fi masa alheri ya nemi masauki ya kwana, da ya shiga motar dare a hanyar Ogbomosho wadda tireloli da tankoki suka mamaye.

Abekuta tana tsakiya, kuma ta cancanci a yada zango. Tasharta tana gefen gari, sai an hau mota kafin a kai Kuto ko Panseke. Mai sha'awar tarihi ya je Dutsen Olumo, inda Egbawa suka fake lokacin yaƙe-yaƙen Yarabawa a wajen 1830, a ƙarƙashinsa kuma ga kasuwar Itoku inda ake sayar da rinannen yadin nan da suke kira adire. 'Yan goro su sani cewa jirgin ba ya bi ta Shagamu. Mota ce za ta kai su, ko daga Abekuta ko daga Ikko.

Cikin Ikko kanta sha'anin ya sake kama. A watan Satumba na 2023 jirgin cikin gari mai amfani da lantarki, wanda ake kira Shuɗin Layi, ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, tafiyar kilomita 13. A 2024 aka buɗe Jan Layi, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, yana bi ta Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Waɗannan na gwamnatin jiha ne, tikitin jirgin Badun ba ya aiki a cikinsu. Da katin Cowry ake shiga, a saya a zuba masa kuɗi, kuma shi ne dai ake amfani da shi a manyan motocin safa na BRT da suka fara aiki a 2008, masu hanyarsu ta musamman daga Ikorodu ta Mile 12 har zuwa tsibiri. Baƙon da zai yi ko da mako guda ne a garin ya mallaki katin nan tun ranar farko. Gargaɗi guda game da Shuɗin Layi: wutar tana bin dogon ne a ƙasa, wanda ya ce zai yanke hanya ta kansa ya sayar da ransa.

Inda jirgi da BRT ba su kai ba, sai danfo, wato ƙananan bas ɗin nan masu ruwan ɗorawa. Kwandasta yakan rera sunan wuri da sauri har baƙo ya kasa kamawa, babu laifi a sake tambaya kafin a sa ƙafa. A shiga da canji, in ba haka ba sai ya haɗa mutum da wani fasinja da takardar kuɗi ɗaya, ya ce su je su raba. In an zo wurin sauka a ɗaga murya a ce “o wa”, ma'ana akwai mai sauka, domin mai kunya sai an wuce da shi. Acaɓa kuwa an hana shi a ƙananan hukumomi da yawa tun 2022, kuma dokar ta shafi mai tuƙi da wanda aka goya.

Babban haɗari shi ne motocin da ake kira wan cans. Ɓarayi ne suke cika mota kamar fasinjoji, su bar gurbi ɗaya ko biyu, wanda ya shiga a ƙwace masa waya da kuɗi, wani lokaci a tilasta masa ya faɗi lambar katin banki, sannan a wurgo shi waje mota tana gudu. Sun fi yin ta'asa da asuba da bayan isha. Maganinsu shi ne shiga mota a cikin tasha, a Oshodi ko Ojota ko Berger, inda 'yan kamasho suka san direba. Motar bakin titi ta fi araha da 'yan nairori, kuma da wannan arahar ake kama mutane.

Wanda tilas ta sa ya bi titi zuwa Badun ya duba kalanda. A daren Juma'ar farko ta kowane wata dubban jama'a sukan nufi sansanin ibadar Kirista da yake kusa da Mowe, hanya ta cushe. Haka nan kwanakin da suke gab da Babbar Salla, motocin raguna da masu saye sukan toshe wajen kasuwar Kara da take bakin gadar shiga Ikko. A irin waɗannan ranaku kujerun jirgi ma da wuri suke ƙarewa, saboda haka a sayi tikiti da zarar an fara sayarwa, na zuwa da na dawowa.