Ƙonni, Mahaɗar Masu Zuwa da Masu Tafiya

Da hantsi muka baro Sakkwato, kafin azahar mun iso Illelar Najeriya. Daga nan ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni, ban gama gyara zama a kan babur ba sai ga mu a Birnin Ƙonni na Nijar, don tazarar ba ta kai kilomita 10 ba. Gaisuwa ba ta canza ba, sai dai kuɗi da 'yan kalmomi: kwastan ya koma duwan, makarantar boko ta koma lakwal, babbar mota ta zama kamyo. Ɗan canjin da na fara tsayawa wurinsa yana zaune a kan benci, damin naira a damansa, na sefa a hagunsa, kowanne ɗaure da roba. Ya ce, "Malam, jika nawa za a ba ka?" Da ya ga na yi jim, sai ya gane baƙo ne, ya ce jika ita ce sefa dubu, dala kuwa sefa biyar.

Hanya ce ke ciyar da Ƙonni. Babban titin da ya taso daga Yamai, mai nisan kilomita 420 ko kusa da haka, ta nan ya ratsa zuwa Maraɗi da Damagaram. Gabas kaɗan, a Tsarnawa, wani ya balle arewa zuwa Tawa da Agadas, daga cikin Ƙonni kuma na kudu ya nufi Sakkwato. Ƙidayar 2012 ta ba garin mutum sama da 60,000, amma wanda ya zaga tasha da dare ya ga masu kwana a ƙarƙashin motoci zai san bakunan da ke cin abinci a nan sun fi na takarda. Tsohon birni ne mai ganuwa, wanda rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ƙone a watan Mayun 1899, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Bayan haka Turawa suka ja layi tsakaninsa da 'yan'uwansa na kudu. Layin nan da ya raba dangi, a kansa yau dubban mutane ke samun na tuwo.

A kasuwa ake ganin yadda garin ya tara jama'a. Ƙonnawa da Adarawa da Gobirawa da Arawa sun riƙe hatsi da albasa da dillanci. Fulani na kara da shanunsu, matansu na gefe da ƙoren nono da fura. Ga Buzu cikin rawani yana hura gawayin shayi, ga Bazabarmen da aikin gwamnati ya kawo shi har ya yi aure a nan. Kayan gyaran mota da babur ka same su wurin Ibo, matan Yarbawa da na Benin da Togo kuma suna da rumfunan abinci da na tarkacen gida. Duk cinikin da Hausa ake yin sa, kowa da irin karin bakinsa. Kusa da gari akwai Masallata, inda Azna ke buɗe daji duk shekara, su duba abin da damina za ta zo da shi, alamar cewa tun kafin zuwan waɗannan baƙi ƙasar ta saba da zaman mabambanta.

Abu na biyu da ke ba da aiki shi ne ruwa. Filin noman rani na Ƙonni ya haura hekta 2,400, an shimfiɗa shi tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, yana sha daga madatsun Mozage da Zango da ke kan gulbin Maggiya. Gaba, a ƙasar Malbaza, sai Galmi, garin da jar albasarsa ta yi suna har Kumasi da Abijan. Na wuni a wata garka ina kallon hannaye nawa buhu ɗaya ke bi. Akwai masu dashe, da masu ban-ruwa, da masu cira. Mata na zaune a inuwa da wuƙaƙe suna yanke ganye, wanda za a daka a shanya ya zama gabu. Albasar da ba za a sayar yanzu ba a jera ta a rudu, rumbun kara mai shan iska, a jira farashi. Sauran a cusa a buhu har ta yi tozo, mai ɗinki ya rufe bakin, 'yan dako su ɗora wa kamyo. Da yawa cikin leburorin ba 'yan garin ba ne, 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan tudu. A Galmi ɗin dai akwai asibitin mishan da aka buɗe a 1950, wanda marasa lafiya daga ƙasashen biyu ke zuwa, a Malbaza kuma masana'antar siminti tun shekarun 1960. Sai dai aikin albashi a yankin nan cikin cokali ne. Mafi yawan mutane abin da suka samu yau shi ne na yau.

Da muka hau arewa ta Badagishiri zuwa ɗaya Illelar, ta Adar, sai ƙasa ta sauya: duwatsu, marmara, da faƙo. Nan ne mazaunin Sarkin Adar, sarautar da ta samo asali daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas da ya ci Adar a 1674. Bayan kaka na je, kuma abin da na fara lura da shi a ƙauyuka shi ne ƙarancin samari. Sun tafi biɗa, kamar yadda ake cewa a nan: Abijan, Legas, Kamaru, Libiya, Aljeriya. Can suke sayar da shayi, su yi ga-ruwa, su yi talla ko gadi. Wata dattijuwa da na tarar tana sussukar gero ta ce mini, "Ɗana, uku na haifa maza, ba ko ɗaya a gida." Wayarta na ƙulle a bakin zane, tana jiran kira ko labarin an turo kuɗi. Ita da surukanta ke ɗebo ruwa, su kula da awaki, su kai yaro asibiti cikin dare. In ana lissafin ribar biɗa, a riƙa sa wahalar waɗannan mata a ciki.

Amma Adarawa ba su naɗe hannu ba. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga dabarar haƙa ƙananan ramuka a faƙo a zuba taki. Suka dawo da ita, ana kiranta tassa. Na tsuguna a wata gona na ga ramukan jere, kowanne da kututturen gero, a wurin da mai gonar ya ce da ko ciyawa ba ta fitowa. Haƙar tassa kanta ta zama sana'ar rani da ake biya.

Raunin wannan tattalin arziki yana bayyana ranar da aka rufe iyaka. Najeriya ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023 kuma ya karya masu sayar da mai a kwalabe. A lokacin rufe iyaka albasa ke ruɓewa a kan mota, kasuwar Lahadi ta Illelar Najeriya ta yi sanyi, ɗan dako ya kwana da yunwa, wanda bai taɓa niyyar tafiya ba ya fara tambayar kuɗin motar Agadas.

Ran da zan koma, na tsaya a tasha da asuba. Wata mota na sauke samari da fartanyu, sun zo neman aikin garka. Kusa da ita wata na lodin samarin Adar masu jakunkuna, za su kudu. Wani tsoho ya riƙe hannun ɗansa ta taga yana cewa Allah ya kai lafiya, a dawo kafin shuka. Ina roƙon masu iko na ƙasashen biyu, duk ranar da za su sa hannu a kan takardar da ta shafi wannan iyaka ko ruwan Maggiya, su tuna da wannan tsoho da alƙawarin da ya karɓa.