Kafin a Kawo Kare Gida

A 'yan shekarun nan an fara ganin wani sabon abu a gidajen ma'aikata da 'yan boko a Kano, har ya soma isowa garuruwa irin namu na Bici: ƙananan karnukan Turawa masu yalwar gashi, waɗanda ake saye da kuɗi masu yawa don yara su yi wasa da su. Kwanan baya wani ƙanena da ke zaune a bakin hanyar Katsina ya nemi shawarata kan irin da ya fi dacewa da iyali, domin 'ya'yansa sun ga wani a waya sun nace. Na ce masa tambayar da ta kamata ya fara yi wa kansa ita ce: wane aiki karen zai yi a gidan?

Bahaushe bai taɓa rabuwa da kare ba, amma ya ajiye shi a matsayin ma'aikaci. Mafarauta suna fita da shi da rani, makiyaya suna tafiya da shi, manomi kuma yana ɗaure shi kusa da turken awaki. Wannan ya yi daidai da abin da muka karanta a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta taƙaita ajiye kare ga gadin shuka, kiwo, da farautar neman abinci. Duk da haka masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, saboda tsoron masu cutarwa. Ke nan buƙata ce ke buɗe ƙofar, sha'awa kaɗai ba ta isa ba. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Mai son sanya shi a ɗakin da ake salla ya fara tambayar malaminsa.

Sai maganar yanayi. Irin da ake kira Lhasa Apso asalinsa daga tsaunukan Tibet ne masu sanyi. Pug kuwa gajeren hancinsa yana wahalar da shi wajen numfashi, alhali kare da haki yake rage zafin jikinsa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ga ƙarancin wutar lantarki, ajiye irin waɗannan dabbobi azabtarwa ce. Gashinsu mai tsawo kuma mafaka ce ga kaska da ƙarangiya. Karen gida da muke rainawa, mai gajeren gashi da dogayen ƙafafu, ya saba da ranarmu, kuma yana rayuwa da ragowar tuwo da ƙashi.

Tsarin zamanmu ma abin dubawa ne. A karkarar Bici gida yana jingine da gida, gona tana farawa daga bayan danga, kaji da zabi suna yawo ko'ina. Kare ɗaya da ba a horar ba ya isa ya haɗa maƙwabtan shekara talatin faɗa a gaban mai unguwa.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Ƙanƙantar kare ba ta hana shi ɗaukar cutar. Duk wanda ya ajiye shi wajibi ne ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi tun yana wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura. Idan kuwa kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafen gargajiya.

Ra'ayina dai shi ne, mai dabbobi ko rumbu da ke buƙatar gadi ya nemi ɗan kwikwiyon gida daga uwar da aka san halinta, ya yi masa rumfa a waje, ya ba shi abinci da ruwa da allura, domin haƙƙinsa yana wuyansa. Wanda kuwa abokin wasa yake nema wa yara, kyanwa ta fi dacewa da gidan Bahaushe. Ba a ƙyamarta a addini, tana maganin ɓeraye a rumbu, ita ma dai a yi mata rigakafin. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: ɗokin yara yakan wuce cikin makonni, kare kuwa yakan rayu fiye da shekara goma, kuma mai gida ne zai ɗauki nauyinsa har ƙarshe.