Batir rumbu ne, ba gona ba

Duk mai bin babbar hanya lamba 1, daga Yamai zuwa Maraɗi, ya san Kore Mairuwa, tsakanin Doso da Dogon Dutsi. A nan na sha ganin direba ya sauka cin abinci ya bar inji na kuka, domin ya san in ya kashe shi, sai fasinjoji sun naɗe hannun riga sun tura. In ka tambaye shi, amsa guda ce: batir ya mutu. Ni kuwa a ganina, sau da yawa ƙazafi ake yi wa batir.

Jama'a masu karatu, batir rumbu ne. Ba ya noma, ajiya yake yi. Tun 1859 da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro shi, asalinsa bai sake ba: darma ce cikin ruwan asid. Na ƙaramar mota ɗaki 6 gare shi, in ya cika yana ba da volt 12,6. Babban aikinsa na ɗan lokaci ne: ya murza inji ya tashi.

Gonar ita ce dinamo, wanda makanikai ke kira alternater. Inji ke juya shi da igiyar roba, shi kuma ya haifi wutar da fitilu da rediyo ke ci, ya mayar wa batir abin da aka ɗiba. Wutarsa mai kai da komo ce, sai wasu ƙananan ƙofofi, diyod, su miƙe ta hanya guda. Akwai kuma mai awo, regilater, da ke tsare ta wajajen volt 14. In ta gaza, rumbu ya ƙare. In ta zarce, ruwan batir ya ƙafe, balle a zafin watan Afrilu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne asara. Ɗan kasuwa ya zuba jikkuna ya sayi sabon batir, bayan mako guda ya kwana a daji da kayan mutane, alhali igiyar ce ta saki, ko kawunan batir suka yi tsatsa. Wa ke rushe rumbu don gona ta ƙi?

Saboda haka, in jar fitila mai hoton batir ta kama kana cikin tafiya, ka san dinamo ya daina bayarwa, ajiya kake ci. Kashe rediyo da duk abin da ba dole ba, ka nemi gareji mafi kusa. Kafin ka ciro kuɗi, ka sa makanike ya auna sau biyu: inji a kashe, inji a tashe. In allura ba ta hau ba, ka bar batir ya huta, a duba igiya da dinamo.